Dubiya Mun Iya, Jinya Fa?

Maganar da na zo da ita a wannan fitowa ba mai daɗin ji ba ce, don haka tun da wuri ina neman afuwar duk wanda zai ji kamar da shi nake. Wallahi da kaina na fara. Yawancin laifuffukan da zan lissafa a nan ni ma na aikata su, kuma a kan ɗan'uwana na jini na aikata su.

Bari in fara da yabo, don kada a ce Malam bai ga alheri ba. A duk faɗin Badun ban san mutanen da suka kai mu saurin kai ɗauki ba in hatsari ya auku. Mota ta faɗi da ɗanmu a hanyar Ikko ko ta Ogbomosho, ko an buge ɗan acaɓa a Mokola, kafin a gama ɗinke shi labari ya gama unguwa. Bayan sallar Magariba a miƙa faifai, mai naira ɗari ya jefa, mai dubu goma ya jefa. Matasa su tafi ba da jini. Mata su cika fulas da kunu da farfesu. Mu cika ƙofar ɗakin marasa lafiya har ma'aikata su gaji su kore mu. Maƙwabtanmu Yarabawa suna gani, suna kuma yabawa. Wannan gado ne. Tun da aka kafa Sabo a 1916, a kan karɓar baƙo aka gina ta: fatake su sauka wurin maigida, ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, in ɗayansu ya kwanta ciwo shi ne uwa shi ne uba. Allah ya saka wa magabata da alheri.

To amma tambayata ita ce: bayan sati biyu fa? Bayan an sallamo shi an kawo shi ɗaki ciki da falo ko shago ɗaya, an shimfiɗa masa katifa a ƙasa, su wa suke zuwa? Ranar da aka sallami mai karaya daga asibiti, mu a wurinmu ranar murna ce, mu ce alhamdu lillahi ya samu sauƙi, kowa ya koma kasuwarsa. Alhali a ranar ne ainihin aikin yake farawa.

Shekara uku ke nan da babbar motar da ƙanena yake rakiyar kayan goro a cikinta ta faɗi tsakanin Oyo da Ogbomosho. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, haƙarƙari biyu suka tsage. Aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe. A kwanakin farko na ƙirga mutum fiye da arba'in da suka zo dubiya a yini ɗaya. Da muka dawo gida, sati na farko ana ɗan leƙowa. A wata na biyu, in ka cire ni da matarsa da wani dattijo maƙwabcinmu mai sayar da tabarmi, sai a yi kwana goma ba a ɗaga labulen ɗakin nan an yi sallama ba. Wata rana na shiga da daddare na same shi ya juya fuska bango. Na ce masa yaya jikin? Ya ce, "Yaya, jiki da sauƙi. Amma dai da mutuwa na yi, da har yanzu ana zuwa gidan nan gaisuwa." Na rasa abin da zan ce masa, don gaskiya ya faɗa.

Wannan shi ne aibinmu na farko: mun ɗauki dubiya a matsayin jinya. Dubiya minti goma ce, ka zo da lemo, ka yi addu'a, ka samu ladanka ka tafi. Jinya kuwa wata shida ce, wani lokaci shekara, wani lokaci har ƙarshen rai. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, musamman mai ciwon laka, sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ɗuwawu da ta kwankwaso da ta dunduniya ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. Wannan gyambo shi kaɗai yana iya kashe mutumin da ya tsira daga hatsarin mota. Sai an ɗaga shi an sa masa fo, an wanke shi, an shanya katifa, an canja zanen gado. Sai an nemi mota a kai shi asibiti ranar da aka ba shi, a ɗauko shi daga ɗaki zuwa bakin titi, don kun san lungunanmu ba kowanne mota take shiga ba. Duk wannan ba ya cikin faifan da muka miƙa a masallaci. Kuɗin faifai a tiyata yake ƙarewa.

Aibi na biyu shi ne gaggawar cire mutum daga asibiti a kai shi wurin ɗori. A nan sai na yi adalci. Ni ban raina maɗora ba. Sana'a ce ta gado, kuma akwai targaɗe da ƙananan karaya da suka yi wa mutane aiki a kai aka samu lafiya tun kafin a gina asibiti a ƙasar nan. Na kuma san abin da yake kai mutane: kuɗin asibiti ya fi ƙarfin talaka, ga jira, ga yajin aiki, ga tsoron kada a ce za a yanke. To amma jama'a, karaya suna ta tara. Wadda ƙashi ya huda fata ya fito, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da ta ƙashin baya ko wuya, da ta cinya ko ƙugu, waɗannan ba na kara da tsumma ba ne. Maɗori ba ya ganin cikin nama, hoton ƙashi ne yake gani. In aka ɗaure kara ya matse, wurin kuma ya kumbura, jini sai ya daina wucewa. Alamarsa ba ɓoyayya ba ce: yatsu su yi sanyi, su canja launi, mutum ya daina jin su, ko ciwo ya tsananta fiye da na farko. Wanda ya ga haka ya kwance ɗaurin ya ruga asibiti a wannan sa'a, kada ya jira gari ya waye.

Kowa a unguwar nan ya san aƙalla yaro ɗaya da haka ta faru da shi. Ni na san wani ɗan acaɓa, bai kai shekara ashirin da biyar ba, da aka buge shi ya karye a ƙwauri. 'Yan garinsu suka sa hannu a takarda suka fitar da shi daga asibiti da daddare, wai likitoci yanka suke so su yi. Bayan kwana tara aka dawo da shi ƙafa ta yi baƙi tana wari. Abin da aka guda shi aka tarar, kuma har sama da gwiwa. Da aka tambayi waɗanda suka fitar da shi sai suka ce haka Allah ya ƙaddara. Na'am, babu abin da yake faruwa sai da ƙaddarar Allah. Amma wanda ya yi sakaci da ran ɗan'uwansa zai amsa tambaya, ƙaddara ba ta wanke shi. Kuma abin takaici, ko ɗaya daga cikin masu sa hannun nan ban gani yana tura shi a keke ba yau.

Aibi na uku, wanda ni na faɗa cikinsa dumu-dumu, shi ne raina gashin ƙashi. Da za a sallame mu, likita ya rubuta mana takarda ya ce mu riƙa zuwa sashen gashi sau biyu a sati, ya kuma nuna wa ƙanena yadda zai riƙa motsa gwiwa da idon sawu yana kwance. Muka je sau biyu. Na ga ana lanƙwasa masa ƙafa yana cije baki yana hawaye, na lissafa kuɗin mota da na kati, sai na ce a raina: wannan ai wasa ne, ba allura ba magani, a bar bawan Allah ya huta ƙashi ya haɗe tukuna. Dattawa suka goya mini baya, kowa ya zo sai ya ce kada a dame shi, hutu shi ne magani. Muka bar shi kwance kusan wata biyu.

Da muka koma, ƙashi ya fara haɗewa lafiya lau, amma gwiwa ta sandare kamar itace, cinyar kuma ta tsotse har ta kusa zama rabin 'yar'uwarta. Ma'aikaciyar gashin, wata Bayarabiya da ba ta kai 'yar cikina ba a shekaru, ta dube ni ta ce da Hausarta tsinci-tsinci, "Alfa, kai ne babba, me ya sa ka bar shi?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani: gaɓar da ba a motsa ta tana daskarewa, naman da ba ya aiki yana zubewa cikin 'yan makonni, kuma abin da aka rasa a wata biyu sai a yi wata shida ana nemansa ba a same shi duka ba. Haka kuwa aka yi. Yau ƙanena yana tafiya ba sanda, alhamdu lillahi, amma gwiwar nan ba ta lanƙwashewa ta kai ƙarshe. In ya zauna tahiya sai ya miƙe ƙafar dama gefe. Duk ranar da na juyo bayan sallama na gan shi a sahu da ƙafa a miƙe, na san tausayina na jahilci ne ya jawo masa. Ya yafe mini, ni ne dai ban manta ba.

Abin mamaki, a garin da muke zaune ne aka fara koyar da wannan ilimi na gashi a matakin digiri a Nijeriya, a Jami'ar Badun, tun 1966. Asibitin koyarwa na UCH ga shi nan kusa da mu, ko da ƙafa mai lafiya zai je. Ga asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, ga na Dala a Kano ga wanda ya koma gida, ga na Inugu. Ilimin yana nan, mu ne muke kallonsa kamar tausa. Mu malamai kuma mun san ƙissar Annabi Ayyuba, alaihis salam. Bayan doguwar jinya, da Allah ya tashi ba shi lafiya, sai da aka umarce shi ya buga ƙafarsa a ƙasa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Allah mai iko ne ya warkar da shi yana kwance, amma sai da aka sa shi ya motsa. Mu kuwa mun mai da haƙuri ya zama kwanciya. Sai dai a kiyaye: motsin nan da ƙa'idarsa. Likita ne zai faɗi ranar da za a fara taka ƙafa da irin nauyin da za a ɗora mata, ba abokan hira ba.

Aibi na huɗu ya shafi iyayenmu mata, kuma ina roƙon maza su karanta wannan wuri sau biyu. Duk jinyar da aka yi a unguwar nan, a kan mace take ƙarewa. Matar ƙanena tana da goyo a lokacin, ga yara biyu 'yan makaranta. Ita ce mai juya shi cikin dare, ita ce mai wanki, ita ce mai girki, ita ce mai shan faɗansa in ciwo ya taso. 'Yar sana'ar da take yi ta ƙulla gyaɗa da zoɓo ta tsaya. A garinmu da uwarta da 'yan'uwanta da gwaggonni za su karɓe ta, a nan kuwa Kurmi muke, danginta suna can tafiyar yini guda da kwana a mota. Wata rana da asuba na je na same ta zaune a bakin ƙofa tana kuka ba sauti. Ta ce, "Yaya Malam, ba gajiya na yi da shi ba, wallahi barci kawai nake so in yi na dare ɗaya." Wata uku ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba, ni kuma ina wucewa kullum ina ce mata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada.

Ga mu da saurin yanke hukunci. In mace ta gaza ta ce a kai ta gida ta huta, sai gari ya ɗauka: ta gudu ta bar miji don ya nakasa, dama don kuɗi ta zauna. Finafinanmu na Hausa ma haka suke nuna mana: an yi hatsari, an nuno mutum a keken guragu, mace ta tattara kayanta, ko kuma a nuno an yi addu'a a fitowa ta gaba ya miƙe yana gudu. Ba a nuna watannin da suke tsakani, don babu daɗin kallo a cikinsu. Kafin mu zagi matar wani, mu tambayi kanmu dare nawa muka karɓe ta. Kuma ɗaga namiji baligi da kai shi bayan gida aikin maza ne, 'yan'uwansa da abokansa. Tun ranar da na ji maganar nan muka raba kwana, ni da ɗana babba da dattijon nan maƙwabcinmu, kowa dare biyu a sati. Ba mu mutu ba, kasuwa ma ba ta gudu ba.

Aibi na biyar bakinmu ne. Mai dubiya ya zauna a gaban majinyaci yana ba da labarin wane da ya yi irin wannan karaya bai ƙara tashi ba. Wani ya ce a binciki lamarin, akwai hannu a ciki, daga nan a fara zargin kishiya ko abokin ciniki. Wani ya kawo ƙullin magani ya ce a bar na asibiti. Wani kuma ya yi ta magana da mai jinya a kan majinyaci, yana kwance yana ji, kamar kayan daki. Mutumin da jiya yake ciyar da gida, yau sai an ɗaga shi ya yi fitsari, zuciyarsa a karye take fiye da ƙashinsa. In ka ga ya daina cin abinci, ya daina magana, ba ya barci, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ciwo ne na damuwa kuma likita yana da abin yi a kai. Ba raunin imani ba ne da za a tsaya ana yi masa wa'azi. Haka wanda ya bugu a ka: yakan canja hali, ya riƙa mantuwa ko saurin fushi ko faɗin abin da bai dace ba. Mu yi masa addu'a da ruƙiyya, babu laifi, amma kada mu ce aljanu ne mu hana shi komawa wurin likitan da ya san abin da ya taɓu.

A nan ne kuma ƙwaya take shigowa. Ciwo ya hana barci, aboki ya kawo tramadol daga kemis ba da takardar likita ba, wai taimako. Ƙashi ya warke, ƙwaya ta zauna. Mun ga samari da suka tashi daga jinyar ƙafa suka faɗa wadda ta fi ta. Mai jinya ya riƙe magani a hannunsa, ya bayar yadda aka rubuta, in bai isa ba a koma a faɗa wa likita. Mai shan taba kuma a gaya masa gaskiya, taba tana jinkirta haɗewar ƙashi. Masu kawo abinci su ma su sani, jikin da yake gina ƙashi da nama wake yake so da ƙwai da kifi da nono da ganye, ba lemon kwalba da biskit ba.

Aibi na shida namu ne, mu masu tsayawa gaban sahu. Sau nawa muka yi karatu a masallaci a kan hukuncin sallar majinyaci? Na tarar da mutum ya yi wata huɗu bai yi salla ba, ba don ƙin Allah ba, sai don an sa masa robar fitsari yana ganin ba shi da tsarki, kuma kunya ta hana shi tambaya. Alhali duk wanda ya karanta Ahalari ya san an jero halaye bakwai da ake yin sallar farilla a kansu, tun daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba Imrana ɗan Husaini izinin ya yi salla a zaune in ya kasa tsayuwa, in ya kasa zama ya yi a kan gefensa. Akwai shafa a kan ɗauri, akwai taimama ga wanda ruwa zai cutar ko ya kasa kaiwa gare shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya yoyon fitsarin da ya lazimci mutum yawancin lokaci ba ya karya masa alwala. Wannan sauƙi yana cikin littattafan da muke karantarwa, amma ba mu kai shi ɗakin da ake bukatarsa ba. Mun fi zuwa in an ce a zo a yi wanka da sutura.

Ku dubi masallatanmu kuma. Matakala uku, huɗu, wurin alwala mai santsi, bayan gida na tsuguno. Mai sanda ko keke ta ina zai shiga? Tun watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Mu ba ma sai mun jira doka ba. Lokacin da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya a yaƙin Handaƙu, a cikin masallacin Madina aka kafa masa tanti don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa, kuma tarihi ya riƙe sunan Rufaida, baiwar Allah da take jinyar masu rauni a can. Masallacin da ya ɗauki tantin jinya, shi ne namu ya kasa ɗaukar gangaren siminti na buhu biyar? Muna da kuɗin tayil da fanka da lasifika mai kai wa Mokola.

Na bakwai, kuma na ƙarshe, shi ne kalmar nan da muke saurin faɗa: a mayar da shi gida. Wani lokaci daidai ne, in can akwai masu kula da shi kuma akwai asibiti kusa. Amma sau da yawa ma'anarta ita ce mu sauke nauyi. A tara kuɗin mota a kwantar da mai ciwon baya a bayan tirela, a kai shi ƙauyen da babu mai gashi ko a nisan kilomita ɗari, wurin tsohuwar da dama shi yake aika mata. Wanda ya rage a nan kuma, in bai samu mai tallafa masa ba, sai mu gan shi a bakin titi da ƙoƙo, mu jefa masa naira hamsin mu ji mun yi sadaka. Wanda ya rasa ƙafa bai rasa kai da hannu ba. Zai iya zama a shago, zai iya riƙe lissafi, zai iya sayar da kati ko cajin waya, zai iya ɗinki. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, ya fita Uhudu. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci, aka kuma bar masa riƙon Madina ba sau ɗaya ba. Ƙanena bai koma bin mota ba, amma tun yana kan sanda na sa aka riƙa kawo shi rumfa yana karɓar kuɗi yana rubutawa. Na lura daga satin da ya fara fita kasuwa ne ya fara cin abinci da kyau, gashin ma ya daina yi mini gardama a kai.

To me nake nema? Ba abu mai yawa ba, kuma ba na jiran gwamnati. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na 'yan acaɓa su duba waɗannan. Kowane masallaci ya samu mutum huɗu ko biyar da za su riƙe sunayen masu doguwar jinya a layinsu, su raba kwana da rakiya asibiti, mata ma su yi nasu tsarin don karɓar 'yar'uwarsu ko da yini ɗaya a sati. In an miƙa faifai, a ware kashi ɗaya cikin uku a ajiye don kuɗin gashi da na mota bayan sallama, kada a cinye duka a satin farko. Sanduna da kekuna da katifun da aka gama amfani da su, maimakon su ruɓe a bayan ɗaki, a tara su wuri ɗaya a matsayin waƙafi, mai bukata ya ara ya dawo da su. Kada a sake fitar da kowa daga asibiti zuwa ɗori sai an ga hoton ƙashi an kuma ji ta bakin likita, maɗoranmu su ma in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu su faɗa, wannan ba zai rage musu daraja ba. Ƙungiyoyin sana'a su yi adashi na musamman don jarin wanda ya nakasa. Mu limamai kuma mu ɗauki alkawarin karantar da babin sallar majinyaci ko da sau ɗaya a wata uku, mu kuma bi su har ɗaki. Ni na fara a masallacin da nake ja, kuma gangaren ƙofa an zuba shi tun kafin azumin bara.

Na san wani zai ce Malam, kowa fa da abin da ya dame shi, kasuwa ba daɗi, abinci ya yi tsada. Gaskiya ne, ni ma a kasuwar nake. Amma yawancinmu a kan titi muke neman abinci, daga mai bin tirela sai mai acaɓa sai mai dako a Bodija da Shasha. Wanda ya fita da safe bai san yadda zai dawo ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san sauran. Iyayenmu da suka kafa unguwar nan sun san ba su da dangi a Kurmi sai junansu, shi ya sa suka riƙe juna. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta je asibiti ranar farko ita ya kamata ta san hanyar ɗakin a wata na biyar.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya tuna mutum ɗaya a layinsu da aka sallamo aka manta da shi. Ka je, kada ka tsaya a sannu. Ka tambayi mai jinyarsa wane dare za ka karɓe ta ko shi, ka tambayi yaushe ne ranar komawa asibiti. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, ina neman gafararSa da afuwarku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa mu cika da imani.